Dokin da Aka Hana Dawa: A Hannun Wa Za a Bar Shi?

Filin tambaya da amsa kan kiwo da lafiyar dabbobi

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan fitowa ta zo ne daga Funtuwa, kuma mun buga ta kusan yadda take, domin cikakken bayanin da mai ita ya yi shi ne ya ba mu damar amsawa ba tare da kame-kame ba.

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin makaranta ne, kuma ina da wata damuwa da nake neman shawararka a kanta. Shekara biyu da suka wuce na raka wani abokina kasuwar dabbobi zai sayi raguna, sai na hangi wani doki bidi ɗaure a gindin bishiya, ya miƙe ƙafafunsa na gaba, ya mayar da nauyinsa kan na baya kamar mai shirin zama. Kofatansa sun yi tsawo har sun fara lanƙwashewa sama. Dillali ya ce mini tsohon dokin hawa ne da ya gurgunce, kuma washegari za a loda shi a motar da ke kai dawaki kudu don yanka. Na kasa tafiya in bar shi, sai na saye shi da kuɗin da nake tarawa don gyaran rufin ɗaki.

Likitan dabbobin da na kira ya ce kumburin cikin kofato ne, wanda suke kira laminaitis, kuma yana zaton yawan dawa ne ya jawo. Ya hana shi hatsi baki ɗaya, ya ce busasshiyar ciyawa da harawa kaɗan, a riƙa yanke masa kofato duk wata. Sai da muka yi kusan shekara kafin ya miƙe. Yanzu yana tafiya lafiya, nakan hau shi da yamma a kan rairayi na kamar rabin sa'a, kuma likitan ya duba haƙoransa ya ce zai kai shekara 14.

An yi mini canjin wurin aiki zuwa Abuja, inda zan zauna a gidan haya, don haka tilas in rabu da shi. Mutum uku ne suka nuna sha'awa. Na farko wani ɗan'uwana ne da ke son ya kai shi bargar wani hakimi domin hawan sallah. Na biyu yana bayar da hayar dawaki ga angwaye da masu kilisa, kuma ya taya da tsada. Na uku wani dattijo ne da ya yi ritaya ya koma ƙauye, gidansa rairayi ne, yana son jikokinsa su koyi hawa, sai dai babu mai yankan kofato kusa da shi. Wa ya kamata in ba? In sayar ne ko in yi kyauta? Dole ne in faɗi ciwon nasa, tunda yanzu ba a ganin alamarsa? Kuma me zan rubuta musu game da abincinsa?

Mai karatunku, daga Funtuwa.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya sa abin da ka yi a mizani, ya kuma hore maka kuɗin rufin ɗakin.

Amsata a taƙaice ita ce dattijon ƙauye ya fi cancanta, da sharaɗin a warware maganar mai yankan kofato kafin doki ya bar gidanka. Kada ka sayar, kada kuma ka yi kyautar da ba ta dawowa. Ka bayar da shi aro, da takarda da shaidu. Sannan ka faɗi ciwonsa gaba ɗaya, har da abin da ba a tambaye ka ba. Abin da ya rage dalilai ne, kuma ina so ka riƙe su da kyau, domin kai ne za ka zauna a kan tabarma ka fahimtar da wanda zai karɓa.

Doki a kan yatsa ɗaya yake tsaye a kowace ƙafa, kofato kuwa farcen wannan yatsa ne. A cikin kofaton akwai wani ɗan ƙashi mai siffar kofaton kansa, wanda yake rataye a jikin bangon kofato ta hanyar wasu siraran ganyayyakin nama, kimanin 550 zuwa 600, da suka sarƙe da takwarorinsu na jikin bango kamar yadda mutum kan sarƙe yatsun hannayensa biyu. Duk nauyin doki a kan wannan sarƙewa yake. Idan laminaitis ya kama, ganyayyakin nan sai su yi rauni su saki, ƙashin ya karkata bakinsa ya kalli tafin kofato, wani lokaci ma ya nutsa ƙasa gaba ɗaya. Ƙafafun gaba su ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, shi ya sa ka tarar da shi ya miƙe su yana neman zama a kan na baya. Duk wanda farcensa ya taɓa ɗagewa ya san zafin, balle a ce ya tsaya a kansa dare da rana.

Kofato yana tsirowa daga sama zuwa ƙasa, milimita 6 zuwa 10 a wata, saboda haka sai an yi wata tara zuwa shekara kafin sabon bango ya sauko ya maye gurbin tsohon. Shekarar da ka ce kun yi kafin ya miƙe ke nan. Amma sarƙewar da ta sake haɗuwa ba kasafai take kai ta farko ƙarfi ba, kuma dokin da ciwon ya taɓa kamawa ya fi kowane doki saurin sake kamuwa. Dokinka ciwo ya lafa masa ne saboda tsarin da ka ɗora shi a kai, kuma ranar da tsarin ya warware ciwon na iya dawowa cikin kwanaki.

Hatsi yana isa ga kofato ta hanya biyu. Ta farko mai gaggawa ce: ƙaramin hanjin doki ba ya iya narkar da sitaci mai yawa a lokaci ɗaya, sai ragowar ya wuce babban hanji ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar masa da ciyawa, gubarsu ta shiga jini ta sauka a kofato. Irin wannan ne ke faruwa idan doki ya tsinke da dare ya auka wa buhun dawa, kuma alamun gurgunta kan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Ta biyu a hankali take aiki. Akwai dawakin da jikinsu ke fitar da sinadarin insulin, mai daidaita sukari a jini, fiye da kima duk lokacin da suka ci abu mai sukari ko sitaci, kuma yawan insulin ɗin shi kansa yana raunana ganyayyakin kofato. Binciken da likitocin dawaki suka yi a ƙasashen waje ya nuna mafi yawan masu wannan ciwo ta wannan hanya suke samunsa. Ana gane irinsu da saurin ƙiba, da wani tozon kitse mai tauri a kan wuya ƙarƙashin geza, da kitse a gindin wutsiya. Akwai kuma wata cutar tsufa da ake kira Kushin, wadda ke sa gashin doki ya yi tsawo ya ƙi zuba, bayansa ya rame, ya riƙa yawan shan ruwa. Ita ma tana kawo laminaitis, kuma doki mai shekara 14 ya fara shiga shekarunta. Ka nuna wa dattijon waɗannan alamu domin ya sa ido.

A nan ne nake jin tsoro, Malam, kuma tsorona ya fi karkata ga masu tausayi. A ƙasarmu ƙibar doki darajar mai shi ce. Mudun dawa da safe, mudu da yamma, a ƙara idan sallah ta gabato domin ya cika ya yi sheƙi, wannan shi ne abin da kowane ɗan barga ya tashi ya tarar, kuma wanda ya hana doki hatsi a idon mutane marowaci ne. Na taɓa bin wani doki akawal mai irin wannan ciwo da aka mayar wani gida bayan ya samu sauƙi. Mako uku sai aka kira ni ya sake tsayuwar nan tasa. Maigidan ya rantse mini ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya, kuma gaskiyarsa ya faɗa iyakar saninsa. Na ɗauki kara na tona kashin dokin da ke bayan turke, sai ga ƙwayoyin dawa jajaye da ba su narke ba. Yaron da ke kula da shi ya sunkuyar da kai ya ce ba ya iya jure yadda dokin ke haniniya idan an zuba wa sauran, shi ya sa yake ɗiba masa a hula bayan sallar isha'i. Ba na ganin laifin yaron, domin babu wanda ya taɓa zama ya gaya masa dalili. Don haka bayaninka kada ya tsaya ga dattijo shi kaɗai, ya kai ga matan gidan da jikokin da duk wanda hannunsa zai kai bakin dokin.

Game da takardar abinci, ka fara da nauyinsa. Ka sami awon tela, ka auna kewayen ƙirjinsa inda ake ɗaure sirdi, sannan ka auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen kuturi, duka da santimita. Ka ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880, abin da ya fito shi ne kiyasin nauyinsa da kilo. Misali, doki mai kewaye 160 da tsawo 150 zai ba ka kilo 323 ko kusa da haka. Abin da yake bukata a yini shi ne busasshen abinci kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 5 zuwa 6 da rabi ga dokin misalinmu. Ka saya wa dattijon ƙaramin sikelin ratayewa ka haɗa masa, domin awo da runguma ko da dami ya danganta ne da hannun mai ɗiba. A raba abincin aƙalla kashi huɗu, a bar mafi yawa na dare, saboda cikin doki an gina shi ne don ci kaɗan-kaɗan ba yankewa, kuma dogon zama da yunwa yana kawo masa gyambon ciki.

Ginshiƙin abincin ingirici ne na ciyawar da ta ƙosa kafin a yanke, irin su kyasuwa da gamba da harkiya, mai tsabta, marar fumfuna da ƙura. Idan ya fara ƙiba ko an ga alamar ciwo, a auna ciyawar tana bushe, a jiƙa ta a ruwa na rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya, a tsame, a zubar da ruwan inda ba zai sha ba, domin wani ɓangare na sukarin ciyawar ya fita a cikinsa. A lokacin bazara kada a bar jiƙaƙƙiyar ciyawa ta kwana ko ta wuni, nan da nan take tsami. Harawar wake ko ta gyaɗa tana da amfani don gina jiki, amma ni nakan ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abincin yini, kuma a tsince kwanson da ya rage da ƙwaya a ciki. Dusa ita ce inda aka fi yaudarar kai, domin mutane ba sa lissafa ta cikin hatsi, alhali dusar da ke fitowa daga injin unguwa cike take da gari da tsaki. Ga shi kuma yawan dusa yana hana jikin doki amfana da sinadarin da ke gina ƙashi. Ka rubuta ta cikin abubuwan da aka hana, tare da dawa da gero da masara da maiwa, da ƙasari, da ragowar tuwo da ƙanzo, da rake da mangwaro da dabino. Gyauron dawa kuwa guba ne ga dabbobi gaba ɗaya, kada a ɗaure shi kusa da gonar da aka girbe ta sake tohowa. A ba shi gishiri kamar cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci a yini, maganar kanwa kuma a bar wa likitan da ya san shi ya yanke gwargwado. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa kullum, domin yakan sha lita 25 zuwa 40, ya ma fi haka a watan Afrilu.

Wani kuskuren shi ne a ji an ce a hana shi hatsi sai a bar shi da yunwa. Awon da ya fi sauƙi shi ne haƙarƙari: idan ka shafa ka ji su ba tare da ka danna ba, amma ba ka ganinsu daga nesa, jikinsa daidai ne.

Yanzu ga mutanen uku. Bargar hakimi ta fi sauran wadata, kuma mai yiwuwa akwai mai yankan kofato da likita da ke zuwa a kai a kai. Sai dai an ce maka don hawa ake sonsa, hawa kuwa sa'o'i ne a kan kwalta da rana, da sirdi da kayan ado masu nauyi, da sukuwa da jan linzami a tsaya cak a gaban sarki, tsayuwar da ƙarfinta kan kofatai yake sauka. Ga shi a barga abinci ɗaya ake zuba wa kowa. Sannan akwai abin da ɗan'uwanka ba zai faɗa maka ba: idan ka ji ana ba shi dawa, da wane baki za ka je ka ce wa hakimi a dawo maka da dokinka? Abin da ya shiga gidan sarauta da sunan gaisuwa ba a bin sawunsa.

Mai haya ba sai na tsawaita ba. Doki a wurinsa jari ne, ranar da bai fita ba asara ce, kuma abin da aka saba yi wa dokin haya mai ɗingishi shi ne allurar kashe zafi, irin su fenilbutazon, a ɗaura masa sirdi. Allurar tana ɓoye ciwo ne kawai, ƙashi na ci gaba da karkata a ciki, yawanta kuma yana ɓata ciki da ƙoda. Idan ya ƙare sai a mayar da shi kasuwa, daga nan sai motar da ka ceto shi daga gare ta, wadda ke sauke irinsa a kasuwannin kudu maso gabas kamar ta Obollo-Afor a jihar Inugu. Tsadar da ya taya kuɗin wannan tafiyar ne.

Dattijo yana da abubuwa uku da dokin nan ke bukata, wato rairayi da lokaci da mahaya marasa nauyi. Amma zuwa da kai ya fi aike. Ka je ka kwana idan da hali, ka dubi jakinsa ko tumakinsa, domin yadda kofatansu suke haka na dokinka za su koma. Ka dubi nisan turke daga rumbu da inda ake surfe da shanya, ka tabbatar akwai ƙofa ko danga mai ƙarfi a tsakani. Ka dubi inda ruwa ke kwanciya da damina, saboda kofaton da ke tsaye cikin taɓo da fitsari yakan ruɓe, a ga baƙin ruwa mai wari a cikin kwarmin tafinsa. Wurin tsayuwarsa ya zama tudu, da rumfa, da rairayi mai zurfi da ake kwashe kashi daga cikinsa safe da yamma, a kuma riƙa ƙwaƙule tafin kofato kullum. Rairayin nan da ke jiyar da ƙafarsa daɗi yana da nasa haɗarin, domin dokin da ke cin abinci a kansa yakan haɗiye yashi ya taru masa a hanji ya kawo ciwon ciki. A zuba masa a komi ko a kan shimfiɗaɗɗen buhu. Idan damina ta faɗi sabuwar ciyawa ta fito, kada a sake shi a talala ya wuni, a fara da kwata ɗaya na sa'a bayan ya ci busasshiya, ana lura da ƙafafunsa.

Maganar mai yankan kofato ita ce za ta ɗaure wannan shawara ko ta kwance ta. Kofaton da ya taɓa wannan ciwo ba ya tsirowa daidai, dunduniya tana rigan gaba sauri, shi ya sa za ka ga zobban da ke jikinsa sun matse a gaba sun buɗe a baya. Idan aka bar shi wata uku, bakin kofato zai yi tsawo ya riƙa ɓamɓare bango daga ƙashi a kowane taku. Yana bukatar gyara duk mako huɗu zuwa shida, kuma hannun da ya san shi ya fi. Shawarata ita ce ka daidaita da mutumin da ya yi shekara biyu yana yanke masa, ka ɗauki nauyin kuɗin motarsa da ladansa na shekarar farko, shi kuma ya zaɓi wani saurayi mai natsuwa a ƙauyen ya riƙa koya masa a kowane zuwa. Bayan kowane gyara a ɗauko maka hoto ta WhatsApp, a ajiye wayar a ƙasa daidai da kofato a ɗauka daga gefe, sannan a ɗaga ƙafa a ɗauki tafin. Tunda Zariya ba ta da nisa da ku, ka tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ka ji ko za a iya ɗaukar hoton ƙashin ƙafafunsa na gaba kafin ya tafi, domin hoton ne ke nuna gwargwadon karkatar ƙashi, kuma da shi mai yanka zai san iyakar inda wuƙarsa za ta tsaya. Idan duk wannan ya gagara, ka haƙura da dattijon ka nemi mai irin halinsa a kusa da gari.

Kafin ka baro ƙauyen, ka kama hannun dattijon ka ɗora yatsunsa a bayan gaɓar da ke saman kofato, gefe da gefe, inda jijiyar jini ke wucewa. A doki mai lafiya da ƙyar ake jin bugunta. Ranar da ya ji tana harbawa da ƙarfi, ko kofato ya yi zafi, ko doki ya riƙa ɗaga wannan ƙafa yana ajiye waccan, ko ya ƙi juyawa a kan ƙasa mai tauri, to ciwo ya taso. A ranar a tsayar da shi a rairayi mai zurfi, a bar shi da jiƙaƙƙiyar ciyawa da ruwa kawai, a sanyaya ƙafafun da ruwan ƙanƙara idan akwai, a kira likita. Kada a tilasta masa tafiya wai don jini ya sake, kada a yi masa lalas, kada a shafa baƙin mai, kada kuma wani mai kemis ya yi masa allurar deksametazon, domin irinta na iya tsananta wannan ciwo.

Tambayarka ko dole ne ka faɗi ciwon, amsarta dole ne. Ɓoye aibin dabba a ciniki algus ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ko da babu ciniki, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai san ciwon ba zai tarbi dokin da mudun dawa a daren farko don murna.

Dalilin da ya sa na ce aro kuwa shi ne, kyauta idan an karɓa ta zama dukiyar wanda aka ba, yana iya sayarwa gobe, kuma idan ta Allah ta kasance a kansa doki ya shiga cikin gado, a kai shi kasuwa a raba kuɗin. Aro yana nan a matsayin naka. Ku rubuta a gaban mai unguwa ko liman da ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan dattijon cewa doki naka ne, ba a sayar da shi, ba a bayar da shi haya ko aron hawa ga kowa, kana da damar zuwa duba shi, kuma duk wanda ya ga ba zai iya ba a cikinku zai sanar da ɗayan a dawo da shi ba tare da ɓacin rai ba. Ku fayyace wanda ke biyan likita da wanda ke sayen ciyawar rani. Ku sa wata uku na gwaji, kai kuma ka tanadi inda za ka ajiye shi idan gwajin bai yi ba, ka kuma sanar da naka iyalin abin da aka rubuta. Akwai layi ɗaya mai nauyi da ya kamata ya shiga: idan ciwo ya kai ga ƙashi ya huda tafin kofato, ko doki ya koma kwance ba ya iya tsayuwa duk da magani, kai da likita ne za ku yanke shawarar kawo ƙarshen rayuwarsa don a hutar da shi a inda yake, ba za a ɗora shi a mota zuwa kasuwa ba.

Hawa ba laifi muddin yana takawa lafiya, motsa jiki ma yana taimaka wa irinsa wajen rage kitse. Ka'idar da aka saba bi ita ce kada mahayi da sirdi su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, shi kuwa gara a tsaya wajen kashi 15, kimanin kilo 50 ke nan ga dokin misalinmu, kuma sirdinmu na gargajiya shi kaɗai yana da nasa nauyin. Tafiya ce kawai a ƙasa mai laushi, minti 20 zuwa 30, babba yana riƙe da ragama idan yara ne a kai, balle idan ingarma ne kuma akwai goɗiya a ƙauyen.

Ranar tafiya a kai shi a mota da sassafe, a shimfiɗa yashi ko ƙaiƙayin shinkafa mai kauri a ƙasan motar, kada a ce wani ya hau shi ya kai. Kafin nan likita ya yi masa rigakafin tetanus, ya ba shi maganin tsutsa da na kaska, ya duba haƙoransa. Ka haɗa masa ciyawar mako biyu daga wadda ya saba, a riƙa gauraya ta da ta can a hankali har kwana goma zuwa sha huɗu, a kuma ware shi daga jakuna da dawakin ƙauyen na mako biyu zuwa uku.

TAMBAYA TA BIYU

Likita, an ba mahaifina wata goɗiya da ta taɓa yin ciwon kofato, wani ya ce masa sai an buga mata takalmin ƙarfe irin na dawakin folo za ta daina ɗingishi. Shin haka ne?

Wata mai karatu, daga Damagaram.

AMSA

Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Takalmi yana taimaka wa wasu dawakin, musamman irin wanda ake ƙerawa da maƙari a tsakiya don ya tallafi tafin kofato, amma sai a hannun gwani wanda ya ga hoton ƙashin ƙafar. Takalmin da aka saba bugawa yana ɗora nauyi ne a kan bangon kofato, wanda shi ne ya saki daga ƙashi, ga kuma bugun ƙusa a ƙafar da ke ciwo. A ƙasa mai rairayi irin taku goɗiyar ta fi samun sauƙi babu takalmi, muddin ana gyara mata kofato duk mako huɗu zuwa shida, a rage tsawon bakinsa, a bar tafin da kaurinsa. Idan dole ta taka ƙasa mai tauri, a yanko soso mai kauri irin na katifa daidai faɗin kofato a ɗaure mata da salatif mai ƙarfi, a cire da yamma domin ƙafar ta sha iska. Tunda har yanzu tana ɗingishi, kada a hau ta, a dakatar da hatsi da dusa daga yau, a kuma kai maganar ga likitan dabbobi mafi kusa ya tabbatar ko ciwon ne bai lafa ba ko kuwa ƙurji ne ya taru a cikin kofaton, domin shi ma yakan biyo bayan laminaitis kuma sai an huda shi mugunya ta fita.